Goɗiyata ta ƙi ɗaukar ciki bara, yaya zan shirya ta kafin bayen bana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da goɗiyoyi biyu a bargata da ke Aboabo, nan Kumasi. Ƙaramar shekararta 4, watan jiya aka kawo mini ita daga Bawku, ba ta taɓa haihuwa ba. Babbar shekararta 12, ta haihu sau biyu, amma bara sau uku muka kai ta wajen ingarma ba ta ɗauka ba, ga shi kuma ta rame. Yarona ya gani a intanet wai sai an riƙa kunna musu fitila da dare tun daga Disamba. Me ya kamata in yi, kuma yaushe zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Maganar fitila ka ajiye ta gefe. Dabara ce ta Ingila da Amurka, inda dare ke tsawo ƙwarai a lokacin sanyi har goɗiya ta daina neman namiji gaba ɗaya. Masu dawakin tsere na can suna ƙirga shekarun doki daga 1 ga Janairu, don haka sukan ba goɗiya haske na awa 16 a kullum tun farkon Disamba, jikinta ya ɗauka bazara ta shigo, ta soma nema a Fabrairu. Kumasi ba ta kai digiri 7 arewa da tsakiyar duniya ba. Tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai kai awa ɗaya ba. A nan abin da ke tsayar da goɗiya ko ya tashe ta shi ne abinci da jini da lafiyar mahaifa. Kuɗin wutar gara a zuba su a harawa.

Lissafin lokaci daga haihuwa ake fara shi a koma baya. Cikin goɗiya kwana 340 ne a tsakaice, yakan sauka 320 ko ya kai 360. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗauki ranar baye, ka rage kwana 25, ranar haihuwa ke nan a shekara mai zuwa. Wadda aka baye 1 ga Mayu za ta haihu wajen makon farko na Afrilu. A ganinmu wannan shi ya fi dacewa da Kumasi, domin ruwa ya fara sauka, ɗanyar ciyawa ta samu daidai lokacin da uwa ke shayarwa, amma caɓi da ƙudajen tsakiyar damina ba su kankama ba. Wanda ya fi son haihuwar hunturu don gudun ƙwari yana da hujja, sai dai ya tabbata ya tara ingirici da harawa na wata huɗu. In Afrilu da Mayu ka zaɓa, shiri daga farkon Fabrairu yake farawa, wato mako 10 zuwa 12 kafin baye. Ka kuma duba inda salla ta faɗo a shekarar, kada sukuwa cikin zafin rana da cakuɗuwa da baƙin dawaki su haɗu da makonnin farko na ciki.

Kafin komai ka raba su. Duk dokin da ya sauko daga arewa, Bawku ne ko Yendi ko ƙetaren iyaka, a ware shi aƙalla mako 3 da bokitinsa da ragamarsa, ana auna zafin jikinsa kowace safiya. Daidai shi ne digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Celsius. In ƙaramar ta riga ta cika wannan ba majina ba zazzaɓi, to madalla.

Sai jiki, kuma nan ne yawancin matsala take. Likitocin dawaki suna da ma'aunin ƙiba daga 1 zuwa 9, abin da ake so ga goɗiyar baye shi ne 5 zuwa 6. A aikace: ka tsaya nesa kaɗan, bai kamata ka ƙirga haƙarƙarinta da ido ba, amma in ka shafa da tafin hannu ka ji su ba sai ka danna ba. Gadon baya ya zama shimfiɗe, ƙashin ƙugu kada ya tsaya tsirara. Ramammiyar goɗiya takan yi nema a makare ko ta yi shi ba ƙwai, in ma ta ɗauka cikin yakan lalace da wuri. Hawa mataki ɗaya a wannan ma'auni yana cin kilo 16 zuwa 20 na nama da kitse, kuma ba ya samuwa ƙasa da mako 6 zuwa 8. Shi ya sa ɗura mata hatsi mako biyu kafin baye ba ya haifar da komai sai ciwon ciki da ciwon kofato.

Ka san nauyinta tukuna, don abinci da magani duk a kansa ake lissafi. Da tef ɗin tela ka auna zagayen ƙirji daidai wurin ɗamarar sirdi, sannan tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Mai zagaye 165 da tsawo 150 za ta ba ka kilo 344. Irin wannan tana buƙatar busasshen abinci kusan kilo 7 a rana, wato kashi 2 cikin 100 na nauyinta. Kilo 5 zuwa 5 da rabi su zama ciyawa da harawa, kuma aƙalla kilo 2 daga ciki harawar gyaɗa ko ta wake. Ɗanyar ciyawa yawancinta ruwa ce, kilo 4 zuwa 5 nata ne ke tsayawa a madadin kilo ɗaya na busasshiya. Ragowar kilo ɗaya da rabi hatsi ne da dusa, a raba shi sau biyu ko uku, a barza dawa ko masara don kada ta fita ɗungum a kashi. Ga babbar da ta rame, a ƙara man girki rabin ƙaramin kofi, kamar mililita 100, a fara da cokali biyu ana hawa. Duk wani sauyin abinci a ja shi kwana 10 zuwa 14. A riƙa awo da sikeli, domin olonka ɗaya na masara, wato gwangwanin awo na kasuwannin Ghana, ya haura kilo 2, na dusa kuwa bai kai rabin haka ba, ɗan barga kuma duk olonka yake kiran su.

Dusa tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda ita ce mai araha a nan, ta alkama daga injinan fulawa na Tema da Takoradi, ta masara daga masu niƙa na unguwa. Dusa cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Doki yana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras. In abin ya juye, jiki sai ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi: ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan. Wasu ciyayin ƙasar zafi, har da doguwar ciyawar nan da ake kira guinea grass, wadda ake yanka a bakin hanya, suna ƙara tsananta abin don suna ɗaure kalsiyam a hanji. Goɗiya mai ciki da mai shayarwa su suka fi faɗawa. Maganinsa harawa, wadda ke da kalsiyam sosai, da garin farar ƙasa irin na abincin dabbobi, gram 30 a rana. Kanwa tana da gurbinta a al'adar barga, amma ba kalsiyam ba ce, ba ta toshe wannan rami. Gishiri gram 30 zuwa 50, ruwa kuma kada ya yanke a gabanta, da zafi takan sha lita 30 zuwa 40.

Abubuwa uku kada su shiga bakinta. Masarar da ta yi fumfuna, wadda laimar Kumasi ke jawowa cikin buhu, tana ɗauke da dafin da ke lalata ƙwaƙwalwar doki. Abincin kaji da aka haɗa, domin wasu suna da maganin monensin, kaɗan daga cikinsa yana kashe doki ta zuciya, ga shi ana samunsa a kowace kusurwa a garin nan. Sai ɗanyen karan dawa mai sabon toho, wanda ke taɓa mafitsara da jijiyoyi, yana kuma naƙasa ɗan da ke ciki.

In ana ba ta isasshen abinci amma ba ta ciko, a duba baki da jini. Turamen haƙoran doki suna yin kaifi a gefe su yanki kumatu, sai ka ga tana zubar da dunƙulen ciyawa da ta tauna rabi. Likita zai goge su da zarto. A kai kashinta a ƙirga ƙwan tsutsa, sama da 200 a gram ɗaya yana son magani. Ivermectin na dawaki ta baki ake ba shi, miligram 0.2 a kowane kilo. Na shanu da ake tsirawa a nama kada a yi wa doki, yakan bar ƙurji mai ruɓar da tsoka. A ɗebi jini a nemi sammore, wadda tsando da sauran ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, da zazzaɓin kaska. Duka biyun suna shanye jini, suna kawo rama da ɓari, kuma goɗiya tana iya ɗauke da su tana ci tana sha. Ka ɗaga leɓenta, dasashi fari ko mai ɗorawa alama ce. Maganinsu aikin likita ne, Alhaji, ba na ɗan barga ba: Berenil da makiyaya ke yi wa shanu tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa a jikin doki ƙanƙanuwa ce, maganin wankan kaska mai amitraz kuma yana tsayar da hanjin doki cik. Duk wannan a gama shi wata guda kafin baye.

Rigakafi ma kafin ciki ya fi. Na tetanos, cutar sarƙe haƙora, allura biyu ne tsakaninsu mako 4 zuwa 6 ga wadda ba a taɓa yi wa ba, sannan a maimaita mako 4 zuwa 6 kafin haihuwa don kariyar ta bi dakashi zuwa ga ɗan. Annobar dawaki ta Afirka, mai kumbura saman ido da fitar da kumfa ta hanci, ƙananan ƙwari ne masu cizo da magariba da asuba ke kawo ta. Rigakafinta daga Afirka ta Kudu yake zuwa, kashi biyu ne tsakaninsu mako 3, kuma mai rai ne, don haka a kammala shi tun ba a kai ta wajen ingarma ba. A shigar da su barga kafin magariba, a fitar bayan rana ta ɗaga. Ramukan gidan sauro na gida sun yi wa waɗannan ƙwari faɗi, sai raga mai ƙananan ido da fanka. A gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, a kiyaye daɓen barga daga jiƙa, domin nauyin ciki a kan ruɓaɓɓen kofato wahala ce ta wata goma sha ɗaya.

Yanzu babbar. "Sau uku" da ka ce, tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta faɗi inda cutar take. Goɗiya tana zagayowa duk kwana 21: kwana 5 zuwa 7 tana nema, kusan kwana 15 ba ta son ganin namiji. In ta riƙa dawowa nema kafin kwana 18, mahaifa ce ta kamu, domin kumburin ciki yana katse zagayen. In daidai kwana 21 take dawowa, ko lokacin baye aka kuskure, ko maniyyin ingarman ne, ko mahaifar ba ta riƙe ba. In kuwa ta yi shiru wata biyu ko uku kuna murna, sannan aka ga ba komai, to ta ɗauka ne ya zube bayan kwana 35. Daga wannan rana mahaifa tana fitar da wani sinadari da ke sa jiki ya ci gaba da zaton akwai ciki har wajen kwana 120, ko da ɗan ya mutu. Tagwaye suna yawan jawo haka.

Ka ɗaga wutsiyarta ka duba da kanka. Farjin lafiyayyiyar goɗiya a tsaye yake, leɓunansa a rufe ruf, mafi yawansa yana ƙasa da ƙashin ƙugu. A tsohuwa ko ramammiya dubura takan lotsa ciki ta janyo saman farjin ya kwanta, kashi ya riƙa sauka a kai, iska tana shiga. Wani lokaci har ƙarar iskar ake ji in tana sassarfa. Wannan kaɗai ya isa ya hana ciki shekara da shekaru. Ka duba ƙasan wutsiya da cinyoyi ko akwai busasshen ruwa mai yauƙi. Gyaransa ƙaramin ɗinki ne da likita ke yi a saman farjin, amma wajibi ne a rubuta a tuna, a warware shi mako 2 zuwa 4 kafin haihuwa, in ba haka ba za ta yage. Ƙiba ma tana gyara wani ɓangare, don kitse yana turo wurin waje.

Abin da ido ba ya gani sai na'ura. A nemi likitan da ya saba da dawaki, ta ofishin likitocin dabbobi na gwamnati ko makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar KNUST, ya yi mata sikanin, wato hoton ciki da na'ura, ta dubura, ya ga ko ruwa ya kwanta a mahaifa, ya ɗebi samfur lokacin da take nema a gano ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Allurar penisilin ta kwana uku a wuya bisa ƙaddara ba ta wanke mahaifa. Akwai kuma abin da ke faruwa ga masu shekaru irin nata: kowane baye yana tayar da ɗan kumburi, ƙaramar goɗiya tana matse shi ta fitar cikin kwana ɗaya ko biyu, tsohuwa kuwa mahaifarta ta saki ta zurma ƙasa, ruwan sai ya zauna. Ɗan tayin yana saukowa mahaifa a rana ta 6, ya tarar da ƙazanta, ya mutu. Saboda haka yawan kai ta wajen ingarma ƙara ɓata ta yake. Ita baye ɗaya take so a kan lokaci, sannan bayan awa 4 zuwa 6, lokacin da maniyyi ya riga ya wuce ciki, likita ya wanke mahaifar ya yi mata allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta matse ta fitar da ruwan.

Ƙaramar ba ta da wannan damuwa. Shekara 4 daidai ne. A tabbata dai ba da ciki ta zo ba, don hakan na faruwa da dawakin da aka sayo daga sake, kuma allurar tayar da nema tana zubar da shi. Wannan allura, prostaglandin, ba ta aiki sai an kwana 5 da sakin ƙwai, nema yakan biyo cikin kwana 2 zuwa 5. Mace mai ciki da mai asma kada su taɓa kwalbarta. Abin da ƙaramar ta fi buƙata shi ne sabo: a riƙa ɗaga mata wutsiya, ana wanke ta, ana tsayar da ita kusa da namiji.

Wata guda kafin baye a fara gwaji da littafi. Kullum ko bayan kwana ɗaya a kawo ingarma su haɗa hanci ta kan katanga mai ƙarfi da ta kai ƙirji. Mai nema takan tsaya, ta buɗe ƙafafun baya, ta ɗaga wutsiya, ta riƙa tsartuwar fitsari mai kauri tana motsa farji. Wadda ba ta nema takan kwantar da kunne, ta yi ƙara, ta kai harbi. Sabuwa da mai ɗa a gindi sukan ɓoye, a ba su minti biyar ko goma. A rubuta ranar farawa da ranar dainawa. Ƙwai yana fita awa 24 zuwa 48 kafin nema ya ƙare, ba ranar da ya fara ba, kuma nan mutane da yawa ke faɗuwa, suna ganin alama su garzaya ranar farko su dawo gida. Maniyyi yana rayuwa kwana 2 ko 3 a jikinta, ƙwai kuwa bai wuce awa 6 zuwa 12 ba, don haka maniyyi ne ya kamata ya jira ƙwai. In ba sikanin, a fara a rana ta 3, a tsallake kwana ɗaya a sake, har ta ƙi. In akwai, likita zai jira ƙullin ƙwan ya kai milimita 35 zuwa sama.

Shi ma ingarman a bincike shi. A tambaya goɗiyoyi nawa ya yi wa ciki bara. Zazzaɓi mai zafi yana lalata maniyyi har kusan wata biyu bayan ya warke, allurar sa ƙiba da wasu ke yi wa dokin kwalliya ma haka. Kumburin gaba ko maraina, ƙuraje, ko fararen tabo a wurin, duk dalilin fasawa ne, domin akwai nau'in sammore da yawanci baye ne ke yaɗa shi.

Ranar baye a zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a fili mai ƙasa marar santsi, a kori yara. A cire takalman ƙarfe na ƙafafun baya in tana da su. A naɗe gindin wutsiya da bandeji mai tsabta, don gashi ɗaya yana iya yanka ingarma. A wanke ta da ruwa zalla, shi ma haka. Dettol da sabulu mai ƙarfi suna kashe maniyyi, suna kuma share ƙwayoyin kirki su bar wa miyagu fili. Mai riƙe goɗiya da mai riƙe ingarma su tsaya ɓangare ɗaya. Wutsiyar ingarma tana bugawa sama da ƙasa, shi ne shaidar ya zuba. Wadda ke harbi da gaske kada a sa mata dabaibayi a tilasta ta, lokacinta ne bai yi ba. Watsa mata ruwan sanyi a baya bayan an gama, kamar yadda wasu ke yi, ba ya ƙara komai.

Ko a gonakin da likita ke kwana, abin da ke ɗauka a zagaye guda tsakanin rabi ne da kashi biyu bisa uku, don haka kuskure ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. A yi sikanin a kwana 14 zuwa 16 bayan baye na ƙarshe. Ranakun nan ba a ɗaga su, domin in tagwaye ne a lokacin ake iya murƙushe ɗaya cikin sauƙi, kafin su kafe wuri guda a rana ta 16 ko 17. Goɗiya ba kasafai take kai tagwaye ga haihuwa ba, yawanci duka biyun ake rasawa. A sake dubawa a kwana 25 zuwa 28 don bugun zuciya, sannan kafin kwana 35. In na'ura ba ta samu ba, a mayar da ita gwajin katanga daga rana ta 16 zuwa ta 24. Ƙin namiji alama ce mai kyau amma ba tabbaci ba, sai likita ya taɓa da hannu. Kwana 40 na farko ba sukuwa, ba doguwar tafiya a mota, ba sabon magani sai da izini. Bayan haka hawa mai sauƙi ba laifi har wata na 6 ko 7. Abinci kuma a bar shi yadda yake, ƙarin sai wata uku na ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa.